Dala Ashirin a Titin Koudoukou

Mahaifina bai taɓa barina na tsaya a bayan kanta ba. Shagonsa yana kan Titin Koudoukou, ba nisa da babban masallaci, yana sayar da shinkafa da sukari da man girki da sabulu, sari da ɗai-ɗai. Yayyena duka sun yi zaman shagon nan, har yayata mace ta yi. Ni ne auta, ni aka ware wa boko. In na biyo daga makaranta na leƙa, sai ya damƙa mini alewa ya ce, "Wuce gida, hannunka na biro ne." Haka na tashi a tsakiyar Kilomita Biyar, unguwar da duk Bangui ke zuwa sayayya, ban taɓa sayar da ko tsinken ashana ba.

Hausar ma ban tashi da ita sosai ba. Mahaifiyata haifaffiyar Bangui ce. Sango, yaren ƙasar, muke yi da ita a ɗaki, Sango muke yi a layi, Faransanci a makaranta. Hausa ta gaida Baba ce da safe, sai kuma ta shan faɗa in an yi laifi. In za a aike ni, da Sango ake aikena, kuma a Sango ƙananan kuɗi da pata ake faɗarsu, pata ɗaya faran biyar ke nan na sefa. Wannan na san shi tun ban iya ɗaura wando ba. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne yadda su Baba ke kiran patar nan in sun juya harshe zuwa Hausa. Na tabbata na sha ji, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Sai da na je Turai karatun tattalin arziki sannan son Hausa ya kama ni. Kewar gida ce ta jawo. Kullum da safe nakan kunna labaran Hausa a waya ina shan shayi, ina maimaita abin da mai karanta labarai ya faɗa. Cikin shekara biyu na iya cewa hauhawar farashi, da gibin kasafin kuɗi, da karyewar darajar kuɗi. A rediyon nan kuwa dala ɗaya ce tak a duniya, ita ce ta Amurka: an ranto dala miliyan kaza, gangar mai ta kai dala kaza. Na dawo da Hausar da za ta iya yi wa minista tambaya amma ba za ta iya taya tumatir ba, ni kuma ina ta hura hanci da ita.

Malamar da ke duba aikina na digiri na uku masaniyar tattalin arziki ce. Rayuwarta kaf ta tafi ne a kan tambaya guda: yadda kuɗin manyan ƙasashe ke kwarara cikin ƙasashe masu tasowa, da yadda suke tserewa rana ɗaya su bar mutane da hamma. Wani reshe na aikinta shi ya ja ni. Ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Dubai ko Sin, da dalar Amurka yake biya. To shin dalar nan a banki take tsayawa, ko tana shiga har cikin kansa, ya zama da ita yake yi wa kaya farashi ko da kuɗin gida mai saye zai miƙa? In haka ne, duk ranar da dala ta yi tsalle, mai sayen sukari zai ji a jikinsa kafin babban banki ya farka. An duba wannan a manyan ƙasashe, amma ba wanda ya leƙa ƙaramar kasuwa irin tamu. Na ce mata kasuwar a ƙofar gidanmu take, kuma ina jin yaren mutanen. Na faɗa da cika baki, har yau ina jin muryata.

Da na sauka Bangui, Baba ya ɗauki aikin nan kamar nasa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ranar Talata, ya riƙa bi da ni shago-shago. "Ga ɗan autana, bincike aka turo shi daga Turai. Ku ba shi abin da yake so." Abokansa suka laƙaba mini Dakta tun ban zama ba, ni kuwa ban hana ba. Kallon da Baba yake mini a gaban mutane, shi na fi so fiye da digirin, ko da yake a lokacin da an tambaye ni da na musa.

Yayata ce ta so ta cece ni. Ta ga ina ta haddace tambayoyina a tsakar gida, ta ce da Sango, "Ka yi musu da yaren da ka iya mana. Dukansu suna jin Sango. Ko in bi ka, in sun faɗi abin da ya shige maka in warware." Raina ya ɓaci. Na ce mata ba tafinta na zo nema ba, kuma bincike ba sayar da man gyaɗa ba ne. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Tambayar da na fi ji da ita na ƙera ta da Hausar rediyo, na goge ta tas.

"Alhaji, in kuna yi wa kaya farashi, da wane kuɗi kuke lissafi a zuci?"

"Da dala mana."

"Ba da sefa ba?"

"Sefa ai bakin 'yan boko ne, Dakta. Mu dala muka sani."

"Tun yaushe kuke haka?"

"Tun yaushe? Ai haka muka taras. Kakana ma da dala ya yi fatauci."

Duk wanda ya taɓa sayen goro a Maraɗi ko Damagaram ya riga ya fara dariya, na sani. Ku dara, kuna da gaskiya. Ni kuwa a ranar da ɗoki nake ta rubutawa. Tsoho ya ce kakansa da dala ya yi fatauci, maimakon in tsaya in tambayi kaina ina kakan nan ya ga kuɗin Amurka, sai na ja layi a ƙarƙashin maganar, na rubuta a gefe cewa abin ya yi jijiya. Ban tambayi kowa farashin komai ba, domin takardata ba ta da gurbin wannan. Ina gama cike gurabe nake miƙewa, shayin da aka zuba mini ma ba na shanyewa. Baba yana zaune a gefe yana gyaɗa kai, don duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma bai san abin da nake rubutawa da Faransanci ba.

Samarin 'yan kasuwa, masu amsa mini da Sango ko Faransanci, duk faran suka ce. Wannan bai dame ni ba. Na ce su ƙananan 'yan tireda ne, dattawan su ne masu kwantena, dole a sami bambanci. Duk abin da ya ƙi shiga layi sai na nemo masa dalili, kuma makaranta ta koya mini nemo dalili da sauri.

Mutum ɗaya ya buɗe mini ƙofa, na rufe ta da ƙafata. Wani dattijo ne ɗan canji, abokin Baba, da ke zama a kan benci kusa da masallaci da 'yar jakarsa a cinya. Da na yi masa tambayar sai ya karkata kai.

"Wacce kake nufi, ɗana? Dala ko dola?"

Na yi murmushi irin na wanda ya sani. Na ɗauka zaman Bangui ne ya lanƙwasa masa harshe, yana faɗar kalmar yadda Faransawa ke faɗa.

"Duk ɗaya ne, Alhaji. Dola Faransanci ne. A Hausa dala ake cewa."

Ya dube ni, ya dubi Baba da ke can yana gaisawa da wani, ya shafa gemu.

"To, madalla. Dakta ya fi mu sani."

Mutumin da ya shekara arba'in yana juya kuɗin ƙasashe a tafin hannunsa, wanda aka yi wa rawar goyo da Hausa, shi na gyara wa Hausa. Duk sanda na tuna wannan, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na rufe fuska.

Na koma Turai da kayana. Na rubuta cewa a Kilomita Biyar manyan 'yan kasuwa sun daɗe da komawa lissafi da kuɗin Amurka a zukatansu. Na gabatar a wani taro, aka tafa. Malamata ta yi murna ƙwarai, domin abin ya zo daidai da abin da take zato. Ta ce za mu haɗa shi a rubutu ɗaya, sunana kusa da nata. Na aika wa Baba hotona a gaban allo, ya bi layin shaguna yana nuna wa mutane a waya. Bayan shekara guda ta ce tana so ta zo ta ga kasuwar da idonta kafin a buga aikin.

Da ma a ce mai girman kai ce, da labarin nan ya fi mini sauƙin bayarwa. 'Yar ƙaramar dattijuwa ce mai furfura da takalmi shafe, ta yafa gyale tun daga filin jirgi ba wanda ya ce ta yafa. Ta koyi sannu da na gode, ta kuma riƙe kalma ɗaya daga rubutuna, wato dala. Baba ya sa aka yi wa shago fenti, ya sayi rago. Da safe bayan an ɗauke ruwa muka sauka daga taksi a bakin titi, muka tsallake jan taɓo, 'yan babur suna ta yi mana oda. Baba ya tarbe ta a ƙofar shago da Faransancinsa na kasuwa, wanda ya sha gogayya da 'yan kwastan na hanyar Duwala ta Kamaru. Ya ba ta kujera, ni ina tsaye kusa da ita ina nuna mata buhuna kamar ni na saro su.

Sai ga wata mata Bahaushiya ta shigo da goyo. Ta gaida Baba, ta ɗauki ƙullin sukari ɗaya daga cikin tire.

"Alhaji, nawa?"

"Dala ashirin."

Ta kwance bakin zane, ta ajiye ƙwandala ɗaya a kan kantar shagon, ta faran ɗari. Baba ya share ta cikin aljihun tebur. Matar ta yi sallama ta fita.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon wurin da ƙwandalar ta zauna ba. Ashirin sau biyar, ɗari. Da Sango abin ya faɗo mini, da muryar mahaifiyata: pata bale use, wato pata ashirin. Dala ita ce pata. Faran biyar. Duk dattawan nan abin da suka gaya mini shi ne da biyar-biyar suke ƙirga sefa, yadda iyayensu suka yi. Ba wanda ya yi mini ƙarya, ba kuma wanda ya ambaci Amurka sai ni.

Malamata ta taɓa hannuna, idonta yana ƙyalli. Ta ce da Faransanci, "Na ji! Ya ce dala! Me ya gaya mata?"

Nan ne wurin. Kuskuren da ya gabata jahilci ne da girman kai, kuma ana yafe wa ɗalibi waɗannan. Abin da na yi a wannan daƙiƙar shi ne nawa na kaina. Bakina ya buɗe, na ji ina cewa, "Ya gaya mata dalar Amurka ta hau, shi ya sa sukari ya ƙara kuɗi."

Ta ciro ɗan littafinta ta rubuta. Baba yana ɗaure bakin wani buhu a lokacin. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kallon mutumin da yake zaton kunnensa ne bai ji daidai ba. Na mayar da idona kan buhunan shinkafa. Na manta, ko kuma na so in manta, cewa yana jin Faransanci sarai.

Da azahar muka tafi gida cin abinci. An shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, mahaifiyata ta yi shinkafa da naman ragon, ta ƙara da gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen rogo don baƙuwa ta ɗanɗana na gari. Ni kuwa jujjuya abincin kawai nake yi. Malamata ta ci da hannu, ta yaba, sannan ta juya wajen Baba don ta faranta masa. A hankali, da Faransanci mai sauƙi, ta bayyana masa abin da ɗansa ya gano: cewa shi da abokansa da kuɗin Amurka suke tunani, ko da sefa ce a aljihunsu, kuma wannan babban abu ne da masana za su yi ta magana a kai.

Ina kallon fuskarsa lokacin da abin ya haɗu a kansa. Yawon shago-shagon nan, da babbar riga, da hoton da ya nuna wa kowa. Ya ajiye cokali.

"Haka ya rubuta, madam?"

"Haka ya rubuta, kuma ya yi kyau sosai. Ina so in ji daga bakinka. In za ka sa wa sukari kuɗi, dalar Amurka kake fara tunawa?"

Yayata tana tsaye a bakin ƙofar kicin da buta a hannu. Na ga ta daina motsi. Ni ne ya kamata in yi magana. Kalma uku sun isa, in ce kuskure na yi. Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙwayar shinkafa, na bar tsoho shi kaɗai da tambayar.

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Eh, madam." Ya ƙara da cewa, "Mu ba mu yi karatu ba. Saye da sayarwa kawai muka sani. Shi ne ya san sunan abin da muke yi."

Ta yi dariyar jin daɗi, ta ce yana da tawali'u. Ya miƙe ya ce zai je masallaci, alhali an riga an yi azahar kuma la'asar da saura.

Kwana uku ta ƙara a Bangui, kuma kwana ukun nan na yi su ina gadin ƙaryata. Na kauce da ita daga duk wani shagon dattijo. Na kai ta wurin samarin 'yan canji masu ainihin takardun Amurka, waɗanda ke duba farashi a waya suna magana da Dubai, ta yi ta rubutu. Na kai ta bakin kogi ta ga masunta. In muka doshi bencin dattijon nan ɗan canji sai in ce rana ta yi zafi mu tsallaka ɗaya hannun. Na raka ta filin jirgi, ta riƙe hannuna biyu ta ce tana alfahari da ni. Na ce na gode.

Da na dawo gida yayata tana jirana. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi. Da Sango ta yi mini, yaren da ba ni da wurin ɓuya a cikinsa.

"Kai ka san wane ne Baba a titin nan? Mutumin da in shinkafa ta yi ƙwari shi zai fara gaya wa mai saye. Na ga ya kira mutum daga tsallaken titi don ya ce masa man da ya ba shi jiya ba irin wanda ya tambaya ba ne. Shekara nawa ina shagon nan ban taɓa jin ya ce eh a inda a'a take ba. Kai ka zo da takardunka, a kan tabarmarsa, a gaban abincinsa, ka sa ya yi. Don kar baƙuwa ta ga wallenka."

Na ce mata ban roƙe shi ba. Wallahi haka na ce, don ku san irin mutumin da nake a lokacin. Ta dube ni sama da ƙasa ta shige ɗaki.

Baba bai ce mini komai ba. Ina gaishe shi da safe yana amsawa, yana tambayata ko na karya. Amma ya daina cewa in zo mu fita, kuma in abokansa suka ƙwala mini Dakta daga cikin shago, sai ya sami abin dubawa a wayarsa. Mako biyu na yi a haka ina jan ƙafa. Ina lissafin abin da zan rasa: rubutun, da sunana kusa da nata, wataƙila da digirin gaba ɗaya. Har na zauna na gwada ko akwai dabarar da zan lanƙwasa sakamakon ya tsira. Akwai, kuma na iya ta. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, in faɗi gaskiya. Na kasa jure yadda yake amsa gaisuwata ne.

Na fara zuwa wurin dattijon ɗan canji. Na durƙusa a gaban bencinsa na ce, "Alhaji, na zo ku gaya mini bambancin dala da dola." Ya yi dariya har da tari, ya matsa mini wuri. Ya ce dola ita ce koriyar takardar Amurka, ita ce suke saye su sayar wa masu zuwa Dubai. Dala kuwa, yadda ya ji daga manya, wata ƙatuwar azurfa ce da fatake suka riƙa kawowa daga nesa tun kafin zuwan Faransawa. Da aka kawo ƙwandalar faran biyar sai sunan ya koma kanta, azurfar ta ɓace sunan ya zauna. Ya ce, "Ka ga ashe kuɗin waje sun daɗe da shigo mana, ba dai ta ƙofar da ka tsaya kana gadi ba." Ya kuma yi mini bayanin yadda tashin dola ke isowa kan sukari, ta hannun mai kwantena da mai mota da mai sari, kowa da ranar da yake ƙara nasa. Awa biyu na yi a bencin nan, na sami abin da ban samu ba a wata biyu na cike gurabe. Wannan karon na shanye shayin.

A ranar na rubuta wa malamata. Ban iya kiranta a waya ba, ƙarfin halina bai kai nan ba. Na gaya mata ma'anar kalmar, na gaya mata na gane tun a shago, kuma abin da na fassara mata ƙarya ne. Amsarta ta zo bayan kwana biyu, gajeriya. Ta ce za a janye rubutun, zan sake aikin daga tushe, kuma ita ma tana da nata laifin tunda amsar ta yi mata daɗi har ba ta tambaya sau biyu ba. Game da ƙaryar ta ce za mu yi magana ido da ido. Mun yi, kuma ba ta yi daɗi ba. Digirin ya ƙara mini shekara biyu. Duk wannan na ɗauka, bai kai rabin abin da nake tsoro ba.

Ranar da na aika wasiƙar, bayan la'asar na tafi shago. Babu kowa sai shi, yana zaune a kan kujerarsa yana jan carbi. Na durƙusa a gefen kanta.

"Baba, na rubuta wa matar nan. Na gaya mata gaskiya duka. Ku yafe mini."

Ya ci gaba da jan carbin har ya kai ƙarshe.

"Duka ka gaya mata?"

"Duka, Baba."

"Ka gaya mata ni ma abin da na ce mata ba haka ba ne?"

Na tuno abin da na aika. Wasiƙar shafi biyu ce, kuma daga farkonta har ƙarshe ni ne a ciki: kuskurena, kunyata, digirina. Ko sau ɗaya ban tuna cewa akwai wani mutum da ke kwana yana tashi da tasa ƙaryar ba, wadda ni na ɗora masa.

"Ban faɗa ba, Baba."

"To ka sake rubutawa. Ka ce tsohon nan yana ba ta haƙuri. A gidana ta ci abinci, ta tambaye ni, na gaya mata abin da ba shi ba ne. Ka rubuta da sunana, kar ka sa a cikin naka."

"Baba, ai saboda ni kuka yi."

"Na san saboda wa na yi. Bakina ne ya faɗa ko naka?"

Na ce nasa ne. Ya ce to. Ya ce in tashi daga ƙasa, wandona zai yi datti, ya nuna mini wani buhu in zauna. Na zauna. 'Yan babur suna ta wucewa a titi. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara jin sanyi a raina.

Sai wani dattijo ya shigo ya ɗauki sabulu ɗaya ya tambayi kuɗinsa.

"Dala sittin," in ji Baba.

Sannan ya juyo wajena. Babu gatse a fuskarsa ko kaɗan, na duba, na so in gani don in sami abin jin haushi. Cikin taushin murya, yadda yake yi wa baƙin da suka sauka daga jirgi don kar a bar su a baya, ya faɗa mini da Faransanci cewa faran ɗari uku ke nan.

Na ce, "Na gane, Baba."

Ya gyaɗa kai ya miƙa wa mutumin sabulunsa. Shekara huɗu ke nan. Na gama digirin, ina koyarwa, mutane suna kirana Dakta da gaske. Har yau in ina shagon aka yi ciniki da Hausa, sai ya juyo ya fassara mini, ni kuma ban sami bakin ce masa ya bari ba.